Na Tura Ɗalibata Gona Ranar Jarrabawa Don Wani Ya Tafa Mini

Assalamu alaikum Anti mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu, maza da mata, Musulmi da Kirista. Ina gaishe ku da aiki. Don girman Allah, Anti, ki ɓoye sunana da lambata. Ku kuma masu sharhi, na san halinku, na sha zama ina karanta yadda kuke yi wa mutum kaca-kaca, har ni ma na taɓa sa baki. To yau ni ce a gabanku. Ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, in kuma zagin ya zama dole ku haɗa shi da shawara, don a zagi na riga ku, na yi wa kaina wanda ya fi naku zafi.

Ni malama ce a wata sakandare mai zaman kanta a nan Mubi. Turanci nake koyarwa, kuma ni ce uwar ajin 'yan shekarar ƙarshe. A Sabon Layi aka haife ni, kakana ne ya zo daga wajen Katsina da sana'ar dukanci ya zauna. Ban yi aure ba. Abin da ya kamata ku sani game da ni, don ku gane yadda na kai kaina inda nake, shi ne littattafan soyayya ne suka raine ni. Tun ina ƙaramar sakandare nake ɗauko su haya a kasuwa, in cusa cikin littafin kimiyya in yi kamar ina karatu, Umma ta kama ni ta ƙwace, washegari in samo wani. Na girma ina jiran ranar da iska za ta kaɗa labule, wani dogo mai sanyin murya ya shigo, idanunmu su haɗu, komai ya tsaya cak. Kuma a duk littafin da na karanta, duk ɓarnar da jaruma ta yi saboda so, marubuciya tana wanke ta tas kafin shafin ƙarshe. Wa ya taɓa tsayawa ya tambayi ina aka bar waɗanda ta take a hanya?

A farkon zangon nan aka kawo mana sabon jami'in jarrabawa. Zan kira shi Malam Najib, ba sunansa ba ne, sunan da na fi so ne a littattafai. Labule dai bai kaɗa ba, don ofishin malamanmu ko labulen babu, amma wallahi da ya shigo ya yi sallama sai da allin hannuna ya faɗi. Bafulatani ne ɗan Sorau, siriri, ba ya ɗaga murya, kullum hannun rigarsa a naɗe, in zai yi magana sai ya ɗan sunkuyar da kai kamar yana neman izinin kalmomin. A mako na farko na gama zaɓar kalar labulen ɗakinmu da sunan 'yarmu ta fari, shi kuwa bawan Allah ko sunana bai gama riƙewa ba.

A daidai lokacin garin ya ɗauki zafi a kan maganar jarrabawa. Ga wanda bai san yadda ake yi ba: kafin a yi wa yara rajistar babbar jarrabawar fita sakandare, makarantarmu tana yi musu ta gwaji, wadda yara ke kira mok. Mu malamai a tsakaninmu tankaɗe muke ce mata. Ana haɗa makin darussa duka, wanda bai kai ba a cire shi, kada ya ɓata mana sakamakon da muke liƙawa a bakin get muna jawo iyaye da shi. Wanda kuwa bai zauna Turanci ko Lissafi ba, ba a ma duba sauran takardunsa, a waje yake. Ba mu kaɗai ke yin haka ba, shi ya sa iyaye suka fara ƙorafi, gidan rediyo ya buɗe layi, a keke maganar ake yi, a wurin mai shayi ita ake yi. Wani ya kira ya ce ɗansa yana iya kwance injin janareto ya sake haɗa shi, amma takarda ta ce daƙiƙi ne. Wata ta kira ta ce ranar da aka soke jarrabawa 'ya'yan masu hali kaɗai za su wuce, don ita ce ƙofa ɗaya da ba a buɗe ta da gaisuwa.

A ofishinmu ma kullum sai an tayar. Akwai Madam Rifkatu, tsohuwar malamar kimiyya 'yar Michika, wadda kowa ke kira Mama. Wata rana tana ɓare gyaɗa ta dubi Malam Najib ta ce, "Ɗana, yaro ya yi shekaru yana zuwa makaranta a rana da ruwa, sai ka auna shi da safiya ɗaya? In ranar cikinsa yana ciwo fa?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Mama, ba don safiya ɗayan nan ba, da yanzu ina bayan shanu a Sorau. Ba ni da kawu a ofis. Takardar jarrabawa ce kaɗai ba ta tambaye ni ɗan wane ne ni ba."

Ta ce, "To madalla, sai takardar ta aure ka ta dafa maka tuwo."

Kowa ya fashe da dariya, har shi. Ni kuwa, Anti, a zuciyata ra'ayin Mama nake da shi, na daɗe da shi, don ni nake ganin yaran nan kullum. Amma na ga an yi wa jarumina dariya, sai na ji wannan ne shafin da jaruma ke miƙewa. Na miƙe na ce, "Ni dai ina bayan Malam Najib. Yaron da aka koyar da gaske ba ya tsoron jarrabawa. Ku sa ido, a ajina ba wanda zai faɗi Turanci a mok ɗin nan."

Mama ta daina ɓarar gyaɗa ta ce, "Har Kwanye?"

Na ce, "Har ita."

Malam Najib ya ɗago ya dube ni, dubansa na farko na gaske, ya ce, "Allah ya sa, Malama. In haka ta faru ni zan fara tafa miki." Wannan magana na kai ta gida kamar zobe, na juya ta, na sake juya ta, na ƙara mata abin da bai faɗa ba.

Kwanye ɗalibata ce, iyayenta manoma ne a wajen Mugulbu, a gidan wata 'yar cocinsu take zaune a cikin gari saboda makaranta. Yarinyar nan ba daƙiƙiya ba ce. A Lissafi ita ke koya wa 'yan ajin, a darasin noma har malamin yakan tambaye ta. In ka ce ta yi bayani da baki za ta yi maka tiryan-tiryan. Matsalarta rubutun Turanci: tana tunani da yarensu, ta juya shi Hausa, sannan ta lallaɓa shi zuwa Turanci, kafin ta kai rabi an ce a ajiye biro. Na san za ta faɗi takardata. Na kuma san, kuma wannan ne abin da ke hana ni sukuni, cewa ko ta faɗi Turancin makinta na sauran darussa zai ɗauke ta ya tsallakar, a yi mata rajista. Ba abin da za ta rasa. Ni ce kawai zan rasa tafi.

Ana gobe za a fara mok, kuma Turanci ne takardar farko, ta same ni bayan an tashi ina haɗa jakata. Ta durƙusa ta ce, "Malama, ina da magana. Mama na ya faɗi a mayo wurin ɗebo ruwa, ƙafa ya karye. Gobe ne gayyan yankan dawa na Baba." Na ce to a ɗaga gayyar mana. Ta ce ba ya yiwuwa, layi ake bi gida-gida, in ranarka ta wuce sai kowa ya gama nasa, kuma shanun makiyaya sun kusa saukowa, in suka samu dawa a tsaye shi ke nan abincin shekara. Mutane za su cika gona, ba mai dafa musu tuwo da kunu, ita ce mace babba da ta rage a gidan. "Baba ya ce kar na zo, na yi jarrabawa na. Amma wa zai dafa? Malama, in na tafi gobe kawai, akwai matsala?"

Jama'a, tambayata ta yi. Ba guduwa ta yi ba, ba ƙarya ta shirya ba, wurin uwar ajinta ta zo don ta ji gaskiya. Amsar kuma a bakina take: kada ki kuskura, ki zo ki zauna ko sunanki kaɗai za ki rubuta, a nemi maƙwabta su yi girkin. Me ya hana ni faɗa? A cikin kaina wani lissafi ne ya gifta, cewa wanda bai zo ba, ba a ƙirga shi cikin waɗanda suka faɗi. Na ji bakina yana cewa, "Ba matsala, Kwanye. Je ki taimaki mamarki. In kin dawo zan yi miki taki ke kaɗai." Har na ƙara da cewa, "Amma kada ki gaya wa kowa ni na ce, kar sauran su ce ina son kai." Ta yi ta godiya, tana cewa Allah ya ba ni miji nagari. Ni da na san takardun mok a kulle suke a hannun Malam Najib, uwar aji ba ta da ikon yi wa kowa tasa shi kaɗai. Na gaya wa kaina zan san dabara daga baya. Wace dabara? Har yau ban same ta ba.

Ta tafi, ta dawo washegari hannuwanta duk ƙuna, ta zauna sauran darussan duka, ta ci su. Ranar da Firinsifal ya sanar da sakamako a asambuli, ya ce a tarihin makarantar ba a taɓa samun ajin da duk wanda ya zauna Turanci ya ci ba sai nawa. Malam Najib ya cika alkawari, shi ya fara tafi. Na tsaya ina murmushi, rana na dukan fuskata, ina jin kamar an sa mini kiɗa a bayan fage. Daga nan aka kira waɗanda ba za a yi wa rajista ba, sunan Kwanye na ciki. Ta waiwayo daga layi ta dube ni, ba da fushi ba, da irin kallon nan na mun san sirrinmu. Har ɗan murmushi ta yi mini.

Abin da na nema kuwa na samu. Bayan kwana kaɗan ya tare ni a bakin get ya ce ko zai iya zuwa gaishe da Umma. Ya fara zuwa zance bayan la'asar, ya zauna a kan tabarma a zaure yana ba ni labarin kiwo, da yadda yake karatu a gindin bishiya shanu na cin gefen littafinsa. Rannan ya ce, "Kin san abin da ya ja ni gare ki? Ba ki yi wa yaran nan satar amsa ba, ba ki roƙe ni in ƙara wa kowa maki ba. Koyarwa kika yi tsakani da Allah." Na sunkuyar da kai, ya ɗauka kunya ce irin ta 'yan mata. Kunya ce, amma ba irin wadda yake zato ba.

Sai aka kira taron iyaye da malamai a kan maganar tankaɗe. Ɗakin ya cika, ana ta hayaniya, masu cewa a soke mok da masu cewa a bar ta. Wani uba ya ce an zalunci yara. Malam Najib ya miƙe a natse ya ce ba wanda aka zalunta, kowa an ba shi takarda iri ɗaya da lokaci iri ɗaya. Ya ce, "Akwai ma yarinyar da ta ci komai, amma ranar Turanci ta zaɓi gona a kan makaranta, ba ta nemi izinin kowa ba. Wannan laifin jarrabawa ne?" Bai ambaci suna ba, amma kowa ya gane. Sai wani dattijo ya miƙe daga baya, da tsohuwar kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya cire hula ya riƙe da hannu biyu. Baban Kwanye ne, Baba Tumba. Ya ce, "Yarinya na ne. Ya yi laifi, ku yi haƙuri. Na ce masa kar ya zo, ya zo. Ni ban yi makaranta ba, amma ban koya masa raina malamai ba." Ya juyo wajena ya ɗan rusuna, mutumin da a haife ya haife ni, ya ce, "Malama, kin yi ƙoƙari a kansa. Mu ne muka ba ki kunya."

Anti, ina zaune. Ina da baki, ina da ƙafafun miƙewa irin waɗanda na miƙe da su ranar da nake neman a gan ni. Na ce, "Ba komai, Baba." Abin da na ce ke nan. Mama Rifkatu tana gefena, ta juyo ta daɗe tana kallona. Tun daga ranar ta daina ce mini 'yata, sai Malama.

Kwanye kuwa ba ta daina zuwa makaranta ba, ko da yake ba ta cikin masu rajista. Takan zauna a bayan aji tana rubutu. In mun haɗu a baranda ta rage murya ta ce, "Malama, yaushe ne nawa?" In ce mata ana shiryawa. Har gida ta zo ta kawo wa Umma wake a ƙulle cikin ɗankwali, wai mamarta ta ce a gode mini da na bar ta ta zo. Umma ta dafa, ta yi ta yaba waken, ni na ce cikina ne ba daɗi.

Na yi yunƙuri sau ɗaya, kada ku ce ban yi ba, sai dai yunƙurin ne ya ƙara nutsar da ni. Yana zaune a zaure na ce, "Malam, yarinyar nan Kwanye, ba yadda za a yi a sake mata Turancin?" Ya ce shi ma abin yana damunsa, tun ranar taro fuskar dattijon nan ba ta bar idonsa ba. Ya ce doka ta ba shi dama a wuri ɗaya tak: in ya tabbata kuskuren daga makaranta ne, ba daga ɗaliba ba, zai buɗe mata sabuwar takarda ko Firinsifal bai so ba. Sai ya dube ni ya ce, "Ke ce uwar ajinsu. Akwai malamin da ya ce mata ta tafi?"

Ƙofa ce ya buɗe mini har bango. Na dubi hannun rigarsa a naɗe, na tuna ya ce manyansa za su taso daga Sorau su gaishe da kawunnaina, na tuna Umma har ta fara gaya wa 'yan uwa. Na ce, "A'a. Ban ji ba."

Ya ce, "To kin gani. Ba zan karya doka don tausayi ba, in na yi wa ɗaya sai na yi wa kowa."

Ƙarya ta farko zan iya cewa suɓutar baki ce. Wannan fa? Ido cikin ido na yi masa ita, a zauren gidanmu.

Yanzu an kusa rufe rajista. Baba Tumba ya ce ba shi da ƙarfin maimaita mata shekara, in ba ta zauna bana ba za ta tafi Yola wurin gwaggonta ta taya ta sayar da abinci, karatu ya ƙare. Na yi tunanin in lallaɓa in kai ta irin cibiyoyin nan na ƙauye da ake rubuta wa yara amsa a allo, in rufe bakin kowa. Amma yarinyar da ta ci Lissafi da kanta, in kai ta inda za a koya mata sata don in rufe tawa? Na yi tunanin in sami Firinsifal, amma na san shi, korata zai yi a ranar don ya wanke sunan makaranta, kuma a ƙarshe maganar teburin Malam Najib za ta koma. Duk ta inda na zaga, shi ne a tsaye a bakin hanya. Shi kaɗai zai iya buɗe mata takarda, kuma ba zai buɗe ba sai na tsaya a gabansa na ce ni na tura ta, na san abin da nake yi, don ka tafa mini na yi, na bar ka ka kunyata ubanta a gaban jama'a, sannan ka tambaye ni na yi maka ƙarya. Wane namiji ne zai ji wannan ya sake zama a tabarmar gidanmu? Ina son shi, Anti. Ba irin son littafi ba yanzu, na san tarinsa, na san yadda yake shiru in ransa ya ɓaci. Ashe so na gaske ma yana iya tsirowa a kan ƙazanta?

Jiya bayan an tashi Kwanye ta jira kowa ya watse, ta zo ta durƙusa a inda ta durƙusa ranar farko. Wannan karon ba ta tambayi takarda ba. Ta ce ta je gida ƙarshen mako, babanta bai amsa gaisuwarta ba. Tun ranar taro ba ya yi mata magana, in ita ta dafa abinci sai ya ce ya ƙoshi. Ta ce, "Malama, na riƙe maganan ki, ban gaya ma kowa ba sai mama na, shi ma ya riƙe. Amma Baba yana gani na kamar mara kunya. Ki ba ni izini na gaya masa ke kin ce na tafi. Shi kaɗai. Ba zai faɗa ma kowa ba, na yi alkawari."

Izinina take nema. Yarinyar da na kashe wa shekara tana neman izinina kafin ta wanke kanta a wurin ubanta, don kada ta jawo mini matsala.

Na ce ta ba ni zuwa Juma'a. A ranar Juma'ar ne kuma manyan Malam Najib za su iso daga Sorau.

'Yan uwa, na san abin da yake daidai, ba jahila ba ce ni. Ƙarfin yi ne ba ni da shi, kuma ban san ta inda ake farawa ba. In same shi kafin manyansa su taso, ko in fara zuwa Mugulbu in durƙusa a gaban dattijon nan? In gaya wa Umma tukuna? Akwai wadda ta taɓa faɗin irin wannan gaskiyar aka ci gaba da kallonta a matsayin mutum? Don Allah ku faɗa mini, me zan yi?